DOKAR ƘWACE DUKIYAR ƁARAYIN GWAMNATI: INA ƊAN KASUWA YA TSAYA?

(Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiyarmu a Sabo, Ibadan)

 



Da farko muna neman afuwar malamai, domin ba mu cancanci tsayawa gabansu ba. Mu dai 'yan kasuwa ne, iyakar karatunmu allo da Islamiyya. To amma da shugabanni suka ce a yi wa jama'a bayani a kan dokar nan ta ƙwace dukiyar waɗanda aka kama da cin amanar ƙasa, sai muka ga ba mu da hanyar zillewa, domin abin ya riga ya shigo mana har cikin rumfa. Mun zauna da lauyoyi biyu daga cikin 'ya'yanmu, mun yi musu tambayoyi har suka gaji da mu, mun kuma koma wajen malamai. Abin da muka tsinto shi ne za mu ajiye a gabanku. Inda muka yi kuskure a gyara mana.

Jama'a, idan aka ji a rediyo cewa kotu ta ƙwace gidajen wane, abin da muke yi a majalisa shi ne mu ce Allah ya ƙara. Kuma da gaskiyarmu. Mu ne muke ɗora shanu a tirela daga Arewa, su kwana uku a hanyar da ya kamata a yi ta cikin kwana ɗaya, wasu su mutu a mota saboda ramuka. Mu ne goro ke lalace mana a hanya. Mu ne idan matanmu suka je haihuwa asibitin gwamnati ake rubuto mana har safar hannu mu sayo. Kuɗin da aka ware domin waɗannan abubuwa ba iska ta kwashe su ba, suna nan sun zama benaye a Abuja da Ikko da London. Saboda haka duk wanda ya ce kada a taɓa dukiyar ɓarawon gwamnati, to ba da yawunmu ya yi magana ba.

Abin ma ba sabo ba ne a ƙasar nan, kuma wani babban ɓangare na tarihinsa a garin nan da muke zaune ya faru. A 1967 gwamnatin soja ta Jihar Yamma, wadda hedkwatarta ke nan Ibadan, ta kafa kwamitin binciken dukiyar wasu mutane, aka hana su taɓa kadarorinsu. Ɗaya daga cikinsu, wanda shari'ar ta yi suna da sunansa, watau Lakanmi, ya kai ƙara. Ana cikin shari'a sai Gwamnatin Tarayya ta fito da dokar soja mai lamba 45 ta 1968, wadda ta ambaci mutanen da sunayensu ta ce an ƙwace. A 1970 Kotun Ƙoli ta ce sam, ba a yin haka. Yanke wa mutum hukunci aikin alƙali ne, ba aikin mai rubuta doka ba. Soja kuwa ba su yi wata-wata ba, suka fito da doka mai lamba 28 ta wannan shekarar, suka shafe hukuncin kotun, suka ce daga yau babu kotun da za ta tuhumi dokar soja. Kun ga ke nan tun wancan lokaci gardamar guda ce: kowa ya yarda a karɓe kayan sata, amma wa zai ce wannan na sata ne, kuma ta wace hanya?

Sai zamanin marigayi Janar Murtala, wanda iyayenmu da ke wurin nan sun fi mu sanin labarinsa, mu lokacin muna ƙanana. Ya hau a watan Yulin 1975, aka binciki gwamnoni 12 na zamanin Gowon, aka samu 10 da laifi aka ƙwace kadarorinsu. Biyu kawai suka fita, Mobolaji Johnson na Ikko da Oluwole Rotimi wanda ya yi mulki a nan Ibadan. Jama'a suka yi ta murna. To amma me ya biyo baya? A 1993 gwamnatin Janar Babangida ta fito da wata doka ta mayar wa da yawansu kadarorin nan. Haka kuma a 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta yi doka mai lamba 3, ta kafa kotunan soja na musamman domin ƙwato dukiyar jama'a daga hannun 'yan siyasar jamhuriya ta biyu, aka yi ta yanke wa tsofaffin gwamnoni shekaru masu yawan gaske. Da aka yi juyin mulki a 1985 sai aka sake duba shari'o'in, aka rage, aka saki mutane. Abin da soja ya karɓa da tsawa, wani sojan ya mayar da alƙalami. Mu a ganinmu wannan shi ne aibin ƙwacen da bai tsaya a kan shari'a tsayayya ba, ba ya daɗewa.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999 sai aka fara gina abin a kan doka. Aka kafa hukumar ICPC a 2000, aka kafa EFCC a 2003. Dokokinsu sun ba kotu ikon cewa wanda aka samu da laifi ya rasa abin da ya tara ta hanyar laifin. A nan ne muka ga tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Tafa Balogun, a 2005, an ɗaure shi wata shida an kuma karɓe kadarori masu yawa. A 2010 shugabar wani babban banki, Cecilia Ibru, ita ma wata shida, amma ta sallama kadarori da hannayen jari na kimanin Naira biliyan 190. Mutane suka yi ta gunaguni a kan wata shidan nan, suna cewa ɓarawon akuya ya fi haka daɗewa a kurkuku, kuma gaskiya ne. Amma ku tambayi kowane ɗan kasuwa a nan, wanne ya fi masa zafi, wata shida a tsare ko a kwashe jarinsa kaf? Ai amsar a fili take. Wanda ya ci amana domin dukiya, ba abin da yake tsoro kamar a raba shi da ita. Idan ya san zai yi ɗan zamansa ya fito ya tarar da benayensa suna jiransa, to ɗaurin ya zama kamar kuɗin dako ne ya biya.

Shari'ar da ta fi nuna wannan ita ce ta kuɗin fanshon 'yan sanda. A 2013 wani babban jami'i, John Yakubu Yusuf, ya amsa laifi a shari'ar biliyoyin Naira, alƙali ya ba shi zaɓin tara ta Naira 750,000, ya biya nan take ya tafi gida. Ƙasa ta ɗauki zafi. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida tare da biyan Naira biliyan 22.9. Kuɗin tsofaffin da suka ƙare ƙarfinsu a bakin aiki ke nan, wasu sun mutu suna bin layi.

To yanzu mu zo kan dokar da ta tara mu. A watan Mayun 2022 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar ƙwatowa da kula da dukiyar da aka samu ta hanyar laifi. Abin da 'ya'yanmu lauyoyi suka fahimtar da mu shi ne, hanyar ƙwace dukiya iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani: a kama mutum, a yi masa shari'a, a same shi da laifi, sannan a karɓe abin da ya ci. Ta biyu kuwa, wadda ita ce mutanenmu ba su sani ba, ba sai an sami kowa da laifi ba. Dukiyar ce kanta ake kai wa ƙara. Hukuma za ta je gaban alƙali ita kaɗai, ba tare da an kira mai kayan ba, ta ce tana da dalilin zargin cewa gidan nan ko kuɗin nan na haram ne. Alƙali ya ba da umurnin riƙewa na wucin gadi, ya ce a buga a jarida, duk mai da'awar kayan ya zo ya nuna dalilin da zai hana a mallaka wa gwamnati. Sau da yawa kwana 14 ake bayarwa. Idan ba wanda ya zo, ko ya zo ya kasa gamsar da kotu, shi ke nan, kaya sun zama na Gwamnatin Tarayya. Kuma a wannan hanya ba a neman hujja mai ƙarfi irin wadda ake nema kafin a ɗaure mutum. Wanda bayaninsa ya fi rinjaye shi ke da nasara.

Wannan hanya ta biyu ta girmi dokar 2022, domin tana cikin sashe na 17 na dokar zamba ta 2006, wadda muke kira dokar 419. An ƙalubalance ta har Kotun Ƙoli, a shari'ar uwargidan tsohon shugaban ƙasa, Patience Jonathan, kuma a 2019 kotun ta ce hanyar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. Da ita aka karɓe kuɗin nan da aka samu a wani bene a Ikoyi a watan Afrilun 2017, dala miliyan 43 da ɗoriya tsaba, a jere cikin akwatunan ƙarfe. Da ita aka karɓe wani katafaren gini a Banana Island da gwala-gwalai na dala miliyan 40 da aka danganta da tsohuwar ministar man fetur, Diezani Alison-Madueke, alhali ita tana Ingila. Da ita kuma a watan Disambar 2024 wata kotu a Abuja ta mallaka wa gwamnati rukunin gidaje 753 a unguwar Lokogoma. Gida 753, jama'a! Ku ƙirga gidajen layinku ku gani.

Amfanin wannan hanya a bayyane yake. Babban mutum yana iya jan shari'a shekara goma, yau ba shi da lafiya, gobe lauyansa ya yi tafiya, jibi an canza alƙali. Yana iya gudu ƙasar waje. Yana iya mutuwa ma. In da sai an ɗaure shi za a taɓa kayan, to har abada ba za a taɓa ba.

Da muka kai wa malamai wannan bayani, sai suka ce ai addini ya riga kowa. Suka tuna mana da ƙissar mutumin da Manzon Allah (SAW) ya aika karɓar zakka, ana ce masa Ibnul Lutbiyya, ya dawo ya ware wani kaso ya ce wannan na baitulmali ne, wannan kuwa kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya yi faɗa, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa ai da ba wanda zai kawo masa kyautar. Watau kyautar kujera aka yi wa, ba shi ba. Suka ce Sayyidina Umar idan zai naɗa gwamna sai ya sa a rubuta abin da ya mallaka, in ya ga dukiya ta ƙaru fiye da ƙima sai ya raba ta, ya mayar da rabi baitulmali, kuma ya yi wa manyan sahabbai haka. Umar ɗan Abdul'aziz kuwa da ya hau, da gidansa ya fara, har kayan adon matarsa aka mayar baitulmali, sannan ya juya kan danginsa Banu Umayya. Shehu Usmanu ma a cikin Kitabul Farƙ ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin abubuwan da ya soki sarakunan Haɓe da su. Abin da tsarin mulkin Nijeriya ya ce, wai kowane mai riƙe da muƙami ya bayyana kadarorinsa lokacin da ya hau, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin da ya sauka, ai aikin Sayyidina Umar ne aka sa wa riga da wando. Sai dai shi Umar yana karanta takardar, kuma yana aiki da ita.

Amma malaman sun ƙara da wani abu da ya kamata mu riƙe. Shi Shehun da ya soki gaisuwa, ya kuma soki sarakunan da ke ƙwace dukiyar talakawa ba bisa haƙƙi ba. Asalin shari'a shi ne abin da ke hannun mutum nasa ne, mai da'awa shi ke kawo shaida. Abin da ya sa aka tsananta wa gwamna shi ne an ba shi amana, an san albashinsa, an rubuta abin da ya zo da shi. Ɗan kasuwa kuwa ba shi da albashi. Yau ya samu, gobe ya faɗi. To idan aka ɗauki ma'aunin da aka yi domin gwamna aka auna mai sayar da shanu da shi, a nan ne za a iya yin ɓarna. Kuma nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu.

Ku dubi yadda muke kasuwanci. Tun da aka kafa Sabo a 1916, cinikin shanu da goro a garin nan a kan amana yake tafiya. Fatake su sauka wajen maigida, dillali ya haɗa ciniki, mahauci ya ɗauki sa bashi, a biya bayan kwanaki, ba takarda ba sa hannu, sai dai shaidu da sanin juna. Wannan amana ita ce ta riƙe mu shekara ɗari da ɗoriya, kuma abin alfahari ce. Amma alƙalin Babbar Kotun Tarayya ba ya karɓar "kowa ya san Alhaji" a matsayin hujja. Zai ce ina rasit? Ina littafin ciniki? Wannan miliyan talatin da ta shigo asusunka ran Talata, ta mene ce, wa ya turo, me ka ba shi?

Ba tatsuniya muke yi ba. Akwai ɗan'uwanmu a cikin ƙungiyar nan, ba za mu kama suna ba, da yawanku kun san maganar. Wani mutum da ya saba sayen raguna a wajensa duk Sallah ya ce masa zai turo kuɗi ta asusunsa, ya cire ya ba wani yaro da zai zo, domin shi yana wata hidima. Ɗan'uwan nan ya ga ai mutunci ne, ya yi, ko sisi bai ci ba. Bayan wata takwas ya je banki zai biya kuɗin mota biyu na shanu da ke kan hanya, aka ce asusunsa an rufe bisa umurni daga wata hukuma. Ashe mutumin nan ma'aikaci ne da ake bincike, kuma kuɗin sun bi ta hannun mutum biyar kafin su ɓace, ɗan'uwanmu shi ne na uku. Kuɗinsa na halak da ke ciki, da na mutanen da suka ba shi amanar shanunsu daga Arewa, duk suka maƙale. Ya yi wata da watanni yana zirga-zirga, ya sayar da fili ya biya lauya. A ƙarshe Allah ya fid da shi, amma abin da ya cece shi wani tsohon littafi ne da yaron shagonsa ke rubuta shige da fice a ciki, wanda shi kansa yake yi wa yaron dariya a kai. Har yau wasu fataken ba su dawo wajensa ba.

'Yan'uwanmu 'yan canji su suka fi kowa zama a bakin wannan rami. Duk kuɗin da aka sata, sai an mayar da shi dala kafin ya ƙetare, kuma idan kuka bi shari'o'in manyan nan za ku tarar kusan kowace akwai ɗan canji da aka kira ya ba da shaida, ko aka haɗa da shi cikin tuhuma. A watan Maris na 2024 Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji sama da 4,000 a rana ɗaya. Wanda ke wannan sana'a ya san idon hukuma na kansa. Haka masu sayar da motoci, da masu gwal, da dillalan gidaje da filaye. Doka ta ce su yi rajista da sashen SCUML, su kuma san wanda suke ciniki da shi. Har ila yau dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum ya biya ko ya karɓi tsabar kuɗi fiye da Naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuwa miliyan 10. To ku gaya mana, a farashin yau shanu nawa ne miliyan biyar? Ke nan kusan kowace ranar kasuwa a Akinyele ana taka wannan doka ba a sani ba. Mu muna ganin wannan adadi bai dace da kasuwar dabbobi ba, kuma ya kamata shugabanninmu su faɗa wa 'yan majalisa haka. Amma kafin a gyara, doka ce, kuma rashin sani ba ya fid da mutum a gaban alƙali.

Sai maganar aron suna, wadda ita ce muka fi jin kunyar faɗa, amma dole a faɗa. Babban ma'aikaci ba ya sayen gida da sunansa. Zai nemi wani Alhaji mai rufin asiri, wanda aka san shi da kasuwanci, ya ce a rubuta da sunanka, ga ɗan abin shan ruwa. Wasunmu suna ɗaukar wannan a matsayin alfarma, har suna taƙama wane ya yarda da su. Wallahi ba yarda ba ce, garkuwa ya mayar da kai. Ranar da abin ya fashe sunanka ne a jarida, kai za a tambaya ina ka samu, shi kuwa ya ce bai taɓa ganinka ba. Kuma ko hukuma ba ta kama ka ba, malamai sun gaya mana mai ɓoye kayan sata abokin ɓarawo ne, kayan ƙwace kuma ba sa zama halal don an sayar ko an gada; mai su yana nan da haƙƙinsa. A fiƙihunmu na Malikiyya wanda ya sayi kayan ƙwace bai sani ba, in mai kaya ya bayyana zai karɓi abinsa, shi kuma ya koma kan wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. To ka je ka nemi kuɗinka wajen wanda ya gudu Dubai.

Dokar 2022 ta bar ƙofa ga wanda ya sayi abu da kuɗinsa na halak bai san da wata matsala ba. Yana iya zuwa kotu ya nemi a cire haƙƙinsa daga cikin abin da za a ƙwace. Amma sai ya zo cikin lokaci, kuma sai ya zo da takarda. Ga kuma inda gizo ke saƙar: sanarwar a jaridar Turanci ake buga ta, can cikin shafukan tsakiya da ƙananan haruffa. Mu nawa ne a nan muke sayen jaridar Turanci kullum? Mutum yana iya zama a rumfarsa yana shan fura, kwana 14 su wuce, filin da ya saya a Abuja ko Kaduna ya zama na gwamnati bai ji ba bai gani ba. Mu da muka ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, mun san yadda dukiyar shekara talatin ke tafiya a yini ɗaya, da takardunta duka. Wanda takardunsa suka ƙone a irin wannan, da me zai kare kansa?

Ɗaya abin da ke damunmu shi ne, bayan an ƙwace, ina kayan ke zuwa? A nan dole mu yi adalci, an ga wasu abubuwa. Kuɗin da aka danganta da marigayi Janar Abacha, kimanin dala miliyan 321 da Suwizalan ta dawo da su a 2017, an ce a raba wa talakawa Naira 5,000 a wata. Dala miliyan 311 da aka dawo da su a 2020 daga tsibirin Jersey an sa su a hanyar Ikko zuwa Ibadan, da hanyar Abuja zuwa Kano, da gadar Neja ta biyu, kuma duka ukun hanyoyin motocinmu ne. Fam miliyan 4.2 na shari'ar James Ibori, wanda kotun London ta ɗaure shekara 13 a 2012, su ma da Ingila ta dawo da su a 2021 can aka nufa da su, ko da yake mutanen Jihar Delta sun ce kuɗinsu ne, a ba su abinsu, kuma mu muna ganin maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Wata jami'a mai zaman kanta da aka ƙwace a Kachiya ta Jihar Kaduna a 2024, an mayar da ita jami'ar tarayya a 2025. Wannan abu ne da ido ke gani.

Amma kuma duk wanda ya taɓa wucewa ta harabar hukumomin nan ya ga motoci masu tsada jere a rana, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito ta cikinsu. Mu 'yan kasuwa mun san kaya in sun kwana sun rage daraja. Dokar 2022 ta ce kowace hukuma ta buɗe sashen kula da irin wannan kaya, ta riƙe lissafinsu, kuɗin kuma a zuba su a asusu guda a Babban Banki. A takarda ya yi kyau. Abin da muke so mu gani shi ne gwanjo a fili, a sanar da wuri, har da Hausa da Yarbanci da Ibo a rediyo, kowa ya zo ya taya, ba a kira 'yan'uwa da abokai cikin dare a raba musu a farashin banza ba. Idan kayan da aka karɓe daga ɓarawo ɗaya suka koma hannun wani ɓarawon, to an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Sannan ga afuwa: tsohon gwamnan Bayelsa, Alamieyeseigha, an yi masa a 2013, Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba an yi musu a 2022, bayan shari'arsu ta kai har Kotun Ƙoli. Tsarin mulki ya ba shugaba wannan iko, ba mu musa ba, amma talaka yana kallo yana kuma lissafi.

To me ya rage mana? Shawarar da muka kawo wa shugabanni, kuma muna roƙon a tattauna ta yau kafin a tashi, ita ce kowane maigida ya sa littafi a rumfarsa, ko da da ajami ne, a rubuta kwanan wata, da sunan mai kaya, da adadi, da lambar motar da ta kawo. Lauyoyinmu sun ce littafin da aka daɗe ana rubutawa kullum yana da nauyi a kotu, ba kamar takardar da aka rubuta jiya don shari'a ba. Asusun kasuwa daban, na gida daban, kuma kada a ba kowa aron asusu, ko da surukinka ne. In ya ji haushi ya ji. Matasa, ku da ake ba dubu biyar a ce ku buɗe asusu da BVN ɗinku ku miƙa katin, da ku muke. Wanda zai sayi gida ko fili, ya biya lauya ya bincika a ofishin filaye tukuna. In ka ga gidan miliyan ɗari ana neman arba'in a hannunka, kuma ana cewa a yi sauri kafin Juma'a, to ka tambayi kanka me ke korar mai shi.

Game da sanarwar jarida kuwa, 'ya'yanmu lauyoyin nan biyu sun yarda za su riƙa duba jaridu kowane mako, in sun ga sunan wani namu ko kadarar da ta shafe mu su sanar da sakatare a ranar. Abin da suke buƙata kuɗin jarida ne kawai da na mota, mun kuma lissafa, in kowace rumfa ta ba da abin da ba ya wuce kuɗin shayin safe a wata, ya isa. Sun kuma ce duk wanda takardun gidansa ko na rumfarsa suka ƙone ko suka ɓace, ya kawo sunansa wajen sakatare a wannan watan, domin a fara neman kwafinsu tun ba a shiga matsala ba. Sakatare na nan bakin ƙofa da littafi.

Mai girma shugaba, mun ci lokaci fiye da yadda aka ba mu, a gafarce mu. Malam zai yi mana gyara a kan abin da muka faɗa na fiƙihu, sannan a buɗe fagen tambayoyi. Masu wuya lauyoyi za su amsa.